Kafin ka tura wa kowa kuɗin sarauniyar tururuwa a Legas

Tunda na sa bidiyon tururuwata a status mutane suka dame ni da tambaya, wai wace iri zan saya, a ina ake samu, nawa ne gidan. Wasu kuma dariya kawai suke, wai duk dabbobin da Allah ya yi ban ga abin kiwo ba sai tururuwa. Toh ku yi dariyarku. Ni dai shekara ta uku ke nan ina wannan harka a ɗakina a Agege, na yi asarar kuɗi har sau biyu kafin na gane kanta, shi ya sa zan faɗi abin da na sani tun kafin wani ya sake faɗawa ramin da na faɗa.

Zaɓin da ke gaban mai farawa kusan uku ne. Ko ka sayi ta Turai da ake tallatawa a intanet, ko ka sa a kawo maka irin tamu ta arewa mai jidar hatsi, ko ka kama sarauniya, wato uwar da ke yin ƙwai, da hannunka a nan Legas kyauta. Ni tun yanzu in gaya muku na ukun nake so, ba zan yi kwana-kwana ba.

Wadda nake kiwo masana suna kiranta Camponotus maculatus, kun san ta ko ba ku san sunan ba, manyan nan ne masu ruwan zuma da ke fitowa da dare su kewaye gwangwanin madara, wasu ƙanana sirara wasu kuma manya masu baƙin kai kamar an ɗora musu kwalkwali. Na kama sarauniyar a ƙarƙashin fitilar mai shayi bayan ruwan farko, tana tafiya a ƙasa ita kaɗai ta riga ta karya fukafukanta. Hausawa sun ce in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike, amma gaskiyar magana mazan ne ke lalacewa, suna gama barbara suke mutuwa, ita kuwa macen ranar ce ranar fara mulkinta. Na sa ta a kwalbar gwaji irin ta ɗakin gwajin jini, ruwa kusan rabi, na cusa auduga ta danne ruwan, na saka ta, na toshe bakin da wata audugar busasshiya, na nannaɗe da takarda na jefa cikin durowa. Shikenan. Ba abinci ba komai, domin naman da ke ƙirjinta wanda ta yi tashi da shi, shi jikinta ke narkarwa ta ciyar da 'ya'yan farko. Aikinka ɗaya shi ne ka ƙyale ta, sati-sati ka leƙa sau ɗaya, kuma wallahi wannan ne ya fi komai wuya, hannu yana ƙaiƙayi. Wajen wata biyu ma'aikatan farko suka fito, 'yan tsirit da su, a nan na fara ba su ɗigon ruwan sukari a kan auduga da ƙafar gyare.

Abin da ya sa nake yabonta ba ya ƙarewa. Ba ta harbi, sai dai ta ɗan cije ka ta fesa wani ruwa mai tsami. Girmanta ya isa ka ga komai da ido ba sai da gilashi ba, ka ga yadda ɗaya ke ɗura wa ɗaya abinci baki da baki har cikinsu ya kumbura ya yi sheƙi. Zafin Legas na digiri 30 da 'yan kai shi ne gidansu, ba ta san wani abu wai shi barcin sanyi ba, da hunturu dai takan ɗan rage ƙwai sai ka riƙa duba ruwa saboda bushewar iska. Sannan in wata rana ka gaji, ko uwargida ta ce ko ni ko su, sai ka kai su gindin bishiya ka sake su, 'yan gari ne ba baƙi ba. Aibinta ɗaya, tana da jinkiri, shekarar farko kada ka sa ran runduna, kuma da rana kusan duk suna ciki, sai bayan isha'i kasuwa ke ci.

Ta arewa mai jidar gero, wato tururuwar da muka sani tun muna yara tana yin layi zuwa bakin rumbu, tana da daɗin kallo kuma abincinta ba wahala, ka shiga Mile 12 ka auno gero da riɗi da acca ya ishe su wata da watanni. Matsalar laimar Legas, hatsin da suka tara sai ya yi fumfuna ko ya tsiro musu a ɗaka. In kana da haƙurin ware musu ɓangare busasshe, bismilla. Irinta ta ƙetare da ake sayarwa, Messor barbarus, daga kudancin Turai da arewacin Afirka take, ita ma tana son ɗan sanyi a ƙarshen shekara, ban ga dalilin biyan kuɗin jirgi a kan abin da ke bayan gidanmu a ƙauye ba.

Sauran ba sai na ɓata lokaci ba. Gwano wari, cinnaka bai san na gida ba, kiyashi kuwa babu murfin da ke riƙe shi. Jajayen nan na bishiyar mangwaro masu ɗinke ganye da zaren tsutsarsu sai kana da bishiya a falo. Kwarkwasa kuma wanda ya ce zai sayar maka da ita ka tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau.

Yanzu ta Turai, Lasius niger, baƙar ƙaramar nan da duk bidiyon Turawa ke cewa ita ce ta 'yan koyo. Gaskiya ne, a Jamus ko Ingila. Tana da juriya, an taɓa samun sarauniyarta da ta yi kusan shekara 29 a hannun mai kiwo. Amma jikinta da agogo aka halicce shi, daga wajen ƙarshen Oktoba zuwa Maris dole ta kwanta a sanyin digiri 5 zuwa 10, ko ka sa ta ko ba ka sa ta ba, za ta daina ƙwai, in kuma ta wuce lokacin a cikin zafi sai ta yi ta raguwa. Wanda ya sayar min bai faɗa min wannan ba sai da alat ya shiga. Na sa su a firji wajen aljihun kayan miya, uwargida tana ta mita, “Baban Ummi, ƙwari a inda nake ajiye zoɓon sayarwa?” na ba ta haƙuri. Sati uku lafiya lau, sai taransifomar unguwa ta lalace kwana biyar ba wuta, firji ya koma kabad, suka farka suka fara yawo, aka kawo wuta sanyi ya sake kama su, aka sake ɗaukewa. Janareto kuma da kuɗin fetur na yanzu wa zai kwana yana ƙona mai saboda tururuwa ashirin. Zuwa Janairu saura sarauniya da ma'aikata huɗu. Saboda haka duk wanda ya tambaye ni wace iri, tambayata ta farko ita ce awa nawa kuke samun wuta a layinku, in ba ka da sola ko inbata mai riƙe firji dare da rana ka manta da ita kawai.

Wanda ya riga ya saya kuma ya samu ya tsallake da su, ga yadda ake tashinsu, don a nan ma ana kashe su da yawa. Kada ka ciro su daga firji ka dire a kan tebur, watan Maris a Legas shi ne tsakiyar zafi, daga digiri 8 zuwa sama da 30 a minti goma ko mutum ne sai ya ji a jikinsa. Ka fara mayar da su ƙofar firjin, sannan cikin kula da 'yar ƙanƙara a gefe wadda ba ta taɓa kwalbar, ka bar ta ta narke a hankali, kwana uku zuwa sati kana rage sanyin, sannan ɗaki mafi sanyi a gidan nesa da taga. Za ka ga wasu sun dunƙule kamar matattu, kada ka yi gaggawar sharewa, ka ba su kwana ɗaya biyu, da yawa suna miƙewa. Abu na farko ruwa, ka duba ko na bayan audugar ya ƙare ko audugar ta yi baƙi, in haka ne ka haɗa bakin sabuwar kwalba da tsohuwar da salatif, ka rufe sabuwar ta yi duhu ka bar tsohuwar a haske, da kansu za su kwashe kaya su ƙaura. Abu na biyu ruwan sukari ko zuma da aka sirka, ɗigo ɗaya a auduga don kada su nutse, su marasa ƙarfi ne a lokacin. Nama sai ka ga tsutsotsin da suka kwana da su sun fara girma ko sarauniya ta fara sabon ƙwai, wanda yakan ɗauki 'yan makonni, kuma ɗan kaɗan, abin da ba su ci ba washegari ka cire da hantsaki kafin ya yi fumfuna. Firiza kuwa ko da wasa, wannan ba barci ba ne, jana'iza ce.

Maganar gida. Wancan akwatin mai shuɗin jeli da ake cewa wai fasahar NASA ce, kayan wasan yara ne, ba furotin a ciki, yana fumfuna, sarauniya ba ta rayuwa a ciki, kada ka ba da ko sisi. Na roba mai sheƙi yana da kyau a hoto amma a nan gumi yake yi ta ciki har ka daina ganin komai. Ni kwalbar gwaji nake bari har sai sun cika ta, masu sayar da kayan asibiti wajen Idumota suna da ita da araha, in sun yi yawa sai na zuba musu gida da farin garin nan da ake silin da shi, fi-o-fi, na fafe ɗakuna na ɗora gilashi, na bar rami a gefe da nake ɗiga ruwa da sirinji. Sai robar abinci mai faɗi a matsayin tsakar gida, a shafe bakinta ta ciki da hodar jarirai da aka dama da sifirit, in ta bushe duk wadda ta hau sai ta zamo. Kuma kada ka ba mutum goma gida mai ɗaki ashirin, sauran ɗakunan bola za su mayar.

Toh ga inda raina ya fi ɓaci, 'yan damfara. Harkar sabuwa ce a nan, mai saye bai san kamannin abin da yake saye ba, su kuma sun gane haka. Karon farko da na saya, mai okada ya kawo min kwalba da wani ƙaton ƙwaro mai fiffike, jiki dogo kamar tsiran Turawa, mai sayarwa yana ce min “Alhaji wannan babbar sarauniya ce, ba ta da yawa a kasuwa.” Namijin kwarkwasa ne, irin wanda ke faɗowa kan fitila da damina, kwana biyu ya mutu, lambar kuma ta daina shiga. Wasu shinge suke sayarwa, wato gara mai fiffike, alhali gara ba ma dangin tururuwa ba ce, ta fi kusa da kyankyaso. Ka duba da kyau, tururuwa tana da siririn ƙugu, ƙahonninta biyu a lanƙwashe suke kamar gwiwar hannu, gara kuwa jikinta sambal yake ba ƙugu, ƙahonninta a miƙe, fukafukanta huɗu tsayinsu ɗaya. Sarauniyar gaske ƙirjinta a cike yake ya yi tozo, kuma in ka ƙura ido za ka ga tabon inda fukafukai suka karye. Namiji ƙaramin kai ne da manyan idanu. Akwai masu ɗebo babbar ma'aikaciya mai ƙaton kai su ce sarauniya ce, ka duba ƙirjin, siriri ne. Akwai kuma mugun wanda ya fi wuyar kamawa, sarauniyar da ba a yi mata barbara ba, za ta yi ƙwai kana murna, duk abin da ya ƙyanƙyashe maza ne, ma'aikaci ko ɗaya babu. Shi ya sa ba na sayen sarauniya ita kaɗai, sai mai ma'aikata aƙalla biyar da ƙwai da tsutsa a gabanta. Su ma ɗin a kula, wasu suna kwaso 'ya'ya daga wani gida su zuba mata don ta yi kama da mai haihuwa, in ka ga ma'aikatan farko duk manya-manya ne ka yi shakka, na farko ƙanana suke fitowa.

Kafin ka tura kuɗi ka ce ya yi maka bidiyo yanzu-yanzu da takarda a gefen kwalbar an rubuta sunanka da kwanan wata, hoton da aka sauke daga shafin Turawa ba ya iya wannan. In a Legas yake ku haɗu ido da ido, Ikeja ko Oshodi ba nisa. Wanda ya ce “daga waje za a shigo da ita” ka tambaye shi takardar hukumar NAQS mai kula da shigo da dabbobi da tsirrai, za ka ji ya canza magana. Ba wai ƙa'ida ce kawai ba, jar tururuwar nan mai harbi da ta addabi jihohin kudu na ƙasar Amurka a jirgin ruwa ta shiga daga nahiyar Kudancin Amurka wajen shekarun 1930, har yau ba su rabu da ita ba. Baƙuwa in ta gundure ka ba a sakinta a lambatu.

Abu ɗaya da ya kusa kashe min har tawa ta gida ba mai sayarwa ba ne, maganin ƙwari ne. Na ba su kyankyaso da na tsinta a mace a baranda, ashe maƙociyarmu ta yayyafa ota-piapia, da safe na kwashe gawa goma sha ɗaya. Malaminmu na Islamiyya da na ba shi labari sai ya tuna min tururuwa tana cikin halittu huɗu da Annabi (SAW) ya hana kashewa, har sura guda aka sa wa sunanta, jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar ƙwaron da ban kama da rai da hannuna ba ba ya shiga robar nan, na kan tsoma shi a ruwan zafi tukuna, kuma duk ranar da za a yi feshin sauro a gidan sai na ɗauke su gaba ɗaya zuwa shago su kwana biyu a can.