Teburin littattafai na gefen Babbar Kasuwa da littafin aljanun Yahudawa

Masu tambayata inda nake samo wa yara abin karantawa lokacin hutu a Yamai, wajen wani dattijo ne a gefen Babbar Kasuwa. Tebur biyu ne da kwalaye ƙarƙashin rumfar kwano. Yawancin kayansa na lekol ne, ƙamus da tsofaffin jarrabawar BEPC da Bak, amma a ƙasan tebur akwai kwalin labaran matasa da Faransanci. Jika ɗaya zuwa jika biyu yake sayarwa, haya kuma dala ashirin a sati.

Abin da ke mai da ni wurinsa shi ne yana karanta hajarsa. Ɗiyata ta jawo wani mai baƙin bango, sai ya riƙe shi ya ce mini, "Hajiya, ki fara dubawa kafin ki ba ta. Na aljanu ne da mutuwa, kuma na Yahudawa ne, ba namu ba."

Na karanta, kuma bai yi ƙarya ba. Labarin wata yarinya ce a ƙauyen Yahudawa na gabashin Turai, zamanin sarkin Rasha Nikolas na ɗaya, wanda a 1827 ya kafa dokar ɗibar Yahudawa soja har da yara ƴan shekara 12, ga hidimar shekara 25 tana jiransu. Ƙanenta ya kwanta ciwo, iyaye suka sake masa suna don Mala'ikan Mutuwa ya zo bai gane shi ba. Wannan al'ada ce tasu ta gaske, kamar zubar da ruwan da aka ɗebo a gidan da aka yi rasuwa, wai mala'ikan ya tsoma takobinsa ciki. Inda ya fi kama ni shi ne daren da yarinyar ta barbaɗa toka kewaye da gadonta, gari ya waye ta ga sawun ƙafar zakara a kai. Cikin Talmud, babban littafin malaman Yahudawa, ma haka aka ce ana gane aljanu sun ratsa. Ashmedai, sarkin aljanun da tatsuniyarsu ta ce ya taɓa ƙwace karagar Sulaiman, ya fito a tsakiya da bakin ɗan kasuwa, komai sai ciniki. Aljana Lilit kuwa jarirai take bi, shi ya sa ake rataya musu laya mai sunan mala'iku uku, kusan yadda kakanninmu ke ɗaura wa jinjiri.

Tsakiyar littafin ta ja da yawa, aljanu sun yi ta shigowa har na daina riƙe sunayensu. Ban ba ƙaramin ɗana ba. Ɗiyata mai shekara 15 na ba, bayan na gaya mata tatsuniyar wasu mutane ce, ba a ɗaukar aƙida daga ciki.

Aibun wurin shi ne ƙura, ga ba wurin zama, kuma wasu littattafan fotokofi ne da aka ɗinke. Namu ma shafi biyu sun fita kusa da ƙarshe. Da na koma, bai yi gardama ba, ya rage mini dala hamsin, ya kuma ba mu labarin abin da ya ɓace da baki. Ku ƙirga shafuka kafin ku biya, ku je da safe kafin rana ta buɗe, domin ranar Juma'a da azahar yake naɗe kayansa.