Gidan shayin da ake jefa waƙa cikin tulu: na je sau uku, ga yadda na gan shi

Tun watan jiya mutane ke damuna a WhatsApp, wai Mushe (haka ake kiran mu malaman makaranta) ka leƙa sabon gidan shayin nan na unguwar Ali Dan Sofo a nan Maradi kuwa, wanda ake jefa waƙa cikin tulu? To na je, sau uku ma, kuma da kuɗina, ba wanda ya saya mani ko ruwan leda, saboda haka kar wani ya ce talla nake. Sunan wurin ba zan kama ba, ɗan unguwa ya san gidan.

Mai wurin wata Hajiya ce da ta yi shekaru a Ingila da maigidanta, a Bristol sunka zauna, kuma daga can zuwa garin Bath kamar minti goma sha biyar ne a jirgin ƙasa, ta ce duk baƙon da ya zo masu daga gida can take kai shi yawon buɗe ido har ta haddace garin. Ni kuma da ke koyar da Ingilishi na taɓa cin karo da labarin garin nan tun ina jami'a, shi ya sa ranar farko hira ta ɗauke mu har shayina ya huce. Bath dai garin ruwan zafi ne, ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa da zafin digiri 46, sama da lita miliyan ɗaya kowace rana, tun zamanin Rumawa ake wanka a wurin, su Aquae Sulis suke ce ma garin. Amma abin da ya ja hankalin Hajiya ba Rumawa ba ne, shekarun 1700 ne, lokacin da Sarauniya Anne ta je shan ruwan a 1702 da 1703, daga nan masu kuɗin Ingila sunka maida garin wurin hutu, a ce an zo neman lafiya alhali caca da rawa da gulma da neman miji ga ɗiya ne ya kawo rabinsu. Da sahe a taru a wani zaure da ake ce ma Pump Room, wato ɗakin famfo, a sha ruwan ana kiɗa, kowa na duban rigar kowa. Har yau akwai zauren, ko da yake an sake gininsa, gidan shayi ne yanzu, kuma shi Hajiya ta kwaikwaya.

Kana shiga za a miƙo maka ɗan ƙaramin kofi na lemu-hari mai ɗumi, wai shi ne "ruwan maganin" gidan. Na tambaye ta na ce Hajiya na can ɗin yaya yake a baki, ta yatsine fuska ta ce Mushe ɗumi-ɗumi ne da ƙarnin ƙarfe, kamar ka sha ruwan da anka wanke tsohuwar tukunya, gara namu. Na yarda da ita, lemu-harin nan citta ta ji, kuma kyauta ne.

Sauran ba kyauta ba ne fa. Shayi da gato biyu jika da rabi, in ka ce a haɗo maka babban faranti mai hawa uku, burodi da ƙwai a ƙasa, gato a tsakiya, dabino da ƙuli-ƙulin sukari a sama, jika huɗu. Shayin ba laihi, madarar ba a yi mata rowa ba, amma kofin ne ɗan mitsitsi, kurɓa uku ka ga gindi, ni da na saba da kofin mai tebur na bakin tasha na dala talatin sai na ji kamar an yi mani wasa da hankali. Gaton ranar farko sabo ne mai laushi, na rana ta biyu ya kwana, na faɗa ma yaron ya ce "yi haƙuri Baba" ya canza mani ba musu, wannan na yaba. Wurin tsab-tsab, kujerun ba masu karya baya ba ne, akwai ɓangaren mata da iyali daban, akwai tabarmar salla da buta a baya. In wuta ta ɗauke gurup na tashi cikin minti biyu sai dai ƙararsa na cinye muryar mai karatu, ya kamata a matsar da shi bayan katanga.

To mu zo ga tulun, don shi ne ya kai ni. Ranar Alhamis bayan isha'i ake yi. Hajiya na rubuta kalmomi huɗu masu amsa-amo ɗaya a allo, a raba takarda da bik, kowa ya gina baiti mai ɗango huɗu da zai ƙare da kalmomin nan bi da bi, ba a sa suna, a naɗe a jefa cikin wani tulun ƙasa da anka yi ma zane, sannan yaron gidan ya riƙa zarowa yana karantawa. Wannan ma daga Bath ta ɗauko shi. Akwai wata mata Anna Miller da ke zaune a Batheaston, gefen garin, ta je Italiya da mijinta ta sayo wani tsohon tulun dutse na zamanin Rumawa ta girke a gidanta, manyan baƙin Bath na zuwa suna jefa baitoci a ciki a kan kalmomin da anka ba su, alƙalai su zaɓi gwani ita kuma ta aza masa kambin ganye a ka. Har littafi anka buga na waƙoƙin, na farko a 1775, sai da anka yi huɗu kafin ta rasu a 1781. A nan ba kambi, kwalbar turare ce da shayi kyauta.

Alhamis ɗin da na je da maman yara kalmomin su ne shayi, tsayi, ra'ayi, layi. Mutum ya kai talatin, ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo sun kama tebur biyu, ga ma'aikatan buro, ga 'yan mata an sha lalle da leshi kamar gidan biki, sai kuma wani Alhaji ɗan kasuwa da ya zo da mutanensa biyar, shadda na ƙara, hula doguwa, ya jera salula uku a kan tebur, shayinsa na gabansa ko taɓawa bai yi ba. Ni dai ga abin da na jefa:

Jika da rabi na biya don shayi,
Kofin bai kai ɗan yatsa tsayi,
Aljihuna ya sake ra'ayi,
Gobe ga mai tebur za ni bin layi.

An yi dariya, Hajiya ma ta yi, ta nuno ni da yatsa daga nesa ta ce Mushe na gane rubutunka. Maman yara ta taka mani ƙafa a ƙarƙashin tebur. Sai yaron ya zaro wata takarda ya fara, "Salula uku, bai taɓa shayi, hula ta hi mai ita tsayi", wallahi kafin ya kai ɗango na uku wurin ya kaure, ɗaliban nan har da buga tebur, shi kansa Alhajin na ga haƙoransa, amma sai Hajiya ta taso da sauri ta karɓe takardar ta ce wannan ba ta cika ƙa'ida ba a wuce. Daga baya da za mu hita na roƙi yaron ya nuna mani sauran, rubutun mace ne ƙanana-ƙanana:

Ana ta kira ba ya da ra'ayi,
Ashe duka ukun ba su da layi.

Ku dubi yadda ta juya kalmar layi, kowa ya tahi ga layin jira ita ta tahi ga layin waya. Wannan ita ce waƙar daren ba tantama. Amma wadda ta ci turare wata ce da ke cewa girman Alhaji ya hi rimi tsayi, masu nema sun jeru a layi, wadda kowa ya san cikin yaransa wani ya rubuta ta, irin baitin da in ka cire sunan mutum ka sa na wani ba abin da zai canza.

Nan ne ni da Hajiya munka saɓa, kuma na faɗa mata a gabanta ba bayan ido ba. Na ce Hajiya kin ɗauko tulun Bath kin baro barkonon. Shi tulun Batheaston ɗin ma abin da ya sa masu ilimin zamanin ke yi masa dariya ke nan, wani marubucinsu Horace Walpole ya rubuta ma wani wasiƙa yana shaƙiyanci a kan waƙoƙin, har da wadda matar basaraken Northumberland ta yi a kan waina mai man shanu, wato in kana da sarauta ko me ka jefa za a tafa maka. Wanda sunansa ya rage daga waƙar garin Bath Christopher Anstey ne, da littafinsa The New Bath Guide na 1766, wasiƙu ne cikin waƙa da wasu 'yan ƙauye masu ɗan hali ke aika ma gida, babbansu Simkin Blunderhead, sun zo shan ruwan magani suna ba da labarin abin da sunka gani da zuciya ɗaya, likitoci masu rubuta magani barkatai, masu wa'azin ƙarya, masu kwalliyar da ta hi ƙarhin aljihunsu. Su waɗanda ake ma zambon su ne sunka yi rububin sayen littahin, kowa na cewa da maƙwabcinsa ake. Anstey ɗin bai gudu ba, a 1770 ma ya tattara ya koma Bath da zama, har tulun Madam Miller ya riƙa jefa waƙa, yau kuma akwai allon tunawa da shi a kusurwar mawaƙa ta cocin Westminster.

Kai ko Beau Nash, sarkin bikin garin wanda shi ke tsara wa zai yi rawa da wa, ya hana shiga da takobi, ya ce ƙarfe goma sha ɗaya na dare kiɗa ya tsaya ko 'yar sarki ce ke roƙo, da ya so hana masu kuɗin ƙauye shigowa zauren rawa da takalman hawan doki ba tara ya sa ba, waƙar shaƙiyanci ya yi masu da wasan 'yar tsana har kunya ta sa sunka bari. Mu da muke da zambo da habaici tun kaka da kakanni, mu da makaɗi ke tsayawa gaban fada ya soki abokin gabar sarki ba ya kama suna kowa ya gane, ba mu ne Bature zai koya ma wannan ba.

Hajiya ta saurare ni tsab sannan ta ce, Mushe kai albashi kake jira ƙarshen wata, ni Alhajin nan faranti shida ya biya daren jiya, Maradi ƙarama ce, yau a yi dariyar hularsa gobe a ce gidana ake cin mutuncin manya. Ban ce ba ta da gaskiya ba, kasuwa kasuwa ce, kuma na san akwai yaran da in anka sakar masu mara za su wuce hula su shiga iyalin mutum. Abin da na ba ta shawara shi ne ta riƙa duba takardun kafin a karanta, abin da ya taɓa addini ko iyaye ko aibin jiki a ajiye, amma hula da salula da ƙaramin kofi a bar su su sha iska, sannan alƙalanci a bar ma tafin jama'a ba teburin da ya hi kashe kuɗi ba. Ta ce za ta yi tunani, irin "za ni tunani" ɗin nan tamu.

Wanda ke son zuwa, Alhamis zai je, sauran ranaku shayi ne kawai mai tsada a wuri mai kyau. A je da wuri don kafin tara kujeru sun ƙare, a ci tuwo a gida kafin a hito don farantin nan mai hawa uku ba ya riƙe ciki, a tahi da bik don nasu rabi ba sa rubutu. Kabu-kabu na samuwa a bakin gudron har sha ɗaya. In maki ake so, tsabta da tarba na ba su takwas cikin goma, shayi shida, tulu tara, alƙalan tulu uku.

Zuwana na uku na lura an sake kofuna, sun ɗan ƙara girma, yaron ya ajiye mani nawa yana murmushi ya ce "Baba wannan ya kai ɗan yatsa?" Na waiga teburin ɗalibai ko zan gane mai ƙananan rubutun nan, 'yan mata huɗu ne kowace ta duƙufa a kan takardarta ta kare da hannu. Kalmomin sati mai zuwa an riga an rubuta a allo, gari, bari, tari, fari, ni tari ɗin ne ya tsaya mani tun jiya.