Likitoci, a yi hattara da masu sayar da makin CPD a WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa likitoci. Shekara ta zo gangara, kowa na lissafin sabunta lasisi kafin 31 ga Disamba, kuma daidai wannan lokacin ne 'yan damfara ke baje kolinsu.

Ƙa'idar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, ba ɓoyayya ba ce: maki 20 na ƙarin ilimi, wato CPD, a kowace shekara don sabunta lasisi, kuma sai daga wurin waɗanda hukumar ta tantance. To, wasu sun shigo zaurukanmu na WhatsApp suna cewa ba sai ka zauna a taro ba, ka turo kuɗi kawai, gobe takardar shaidarka ta iso da maki 20 cif.

Wani ƙanena a wurin aiki ya faɗa hannunsu. Yaro ne mai ƙwazo wallahi, kwanan asibiti ne ya hana shi zuwa taro ko ɗaya bana. Ya tura kuɗin a asusun wani mutum, ba na ƙungiya ba. Suka ce ya ba su lambar rajistarsa da kalmar sirrin shafinsa na MDCN, wai za su ɗora masa da kansu. Allah Ya taimake shi bai bayar da kalmar sirrin ba.

Da ya nuna mini takardar a wayarsa, sai gabana ya faɗi. Tambarin ya yi dishi-dishi, da gani kwafo shi aka yi. Ranar da aka rubuta wai ya halarci taro a Abuja, ranar muna tare a ɗakin haihuwa har asuba, sunansa na nan a jadawalin aiki. Muka duba jerin waɗanda hukumar ta amince su ba da maki, babu sunan masu taron. Ya kira lambar, a kashe.

Asarar kuɗin ba ta dame ni ba kamar abin da ya kusa biyo baya. Da ya ɗora takardar nan, shi ne ya miƙa wa hukuma takardar jabu da sunansa da lambarsa, ba ɗan damfarar ba. MDCN na da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, suna iya dakatar da likita ko su soke sunansa. Mai shirin fita aiki Ingila ko Saudiyya kuma, a wannan hukumar zai nemi takardar shaidar cewa ba shi da tabo.

Makin nan fa ba wuyar samu gare shi ba. Rassan ƙungiyar likitoci ta Najeriya (NMA) na jihohi da asibitocin koyarwa na shirya taruka, wasu ma ta intanet. Ka dai duba sunan mai shiryawa a jerin MDCN kafin ka biya ko sisi.

Dakta, in ka riga ka ba su kalmar sirrinka, ka canza ta yau ɗin nan. Takardar kuma kada ka ɗora, ka adana rasidin kuɗin da saƙonninsu, ka kai wa shugabannin NMA na jiharku.