Legoland Dubai ga Mai Ƙananan Yara: Sharhin Ziyara

Yawancin manyan wuraren wasa da ake tallatawa da sunan iyali, idan aka duba da kyau, matasa aka gina wa su, domin abin alfaharinsu shi ne manyan lilo masu juya mutum a sama, ƙaramin yaro kuwa sai ya wuni a bayan shinge yana kallo saboda tsayinsa bai kai ba. Legoland Dubai ya sha bamban da wannan tsari, kuma dalilin da ya sa na kai iyalina can ke nan. An buɗe shi a watan Oktoban 2016 a cikin rukunin Dubai Parks and Resorts da ke yankin Jebel Ali, kuma tun farko yara 'yan shekara 2 zuwa 12 aka nufa da shi. Kamfanin Lego na ƙasar Denmak, mai ƙera ƙananan bulon roba da yara ke harhaɗawa su yi gini, wanda ya buɗe Legoland na farko a garin Billund a 1968, ya daɗe da sanin abin da ke riƙe hankalin yaro, kuma ana ganin alamar wannan sani a kusan kowane lungu na wurin.

Abin da ya fi burge ni, wanda kuma a ganina shi ne ainihin darajar tikitin, shi ne yadda aka bar wa yaro aikin a hannunsa. A sashen da ake kira Lego City akwai makarantar koyon tuƙi, inda ake tara yara a yi musu gajeren bayani kan dokokin hanya, sannan a ba kowa ƙaramar mota mai aiki da lantarki. Motar ba a kan dogo take ba, yaron ne ke riƙe da sitiyari, shi ne zai tsaya idan danja ta nuna ja, shi ne kuma zai karkata kwana, iyaye kuwa suna waje ba su da ta cewa. Babbar 'yata, wadda a gida ba ta cika magana ba, ta fito daga wannan fili tana ba mahaifiyarta labarin yadda ta kauce wa wani yaro da ya shigo hannunta, kuma ba ta gaji da maimaita labarin ba har dare. Akwai ƙaramin fili daban na 'yan shekara 3 zuwa 5, don kada manya su tsorata su. Wanda yake so ana yi wa ɗansa lasin na wasa mai ɗauke da hotonsa, amma da kuɗinsa daban.

Kusa da nan akwai wasan 'yan kwana-kwana, wanda iyali ke shiga tare. Ana hawa motar kashe gobara, a yi ta danna famfo da ƙarfin hannu har motar ta isa bakin ginin da aka nuna kamar yana ci da wuta, a sauka a harba ruwa, sannan a koma da motar ana tsere da sauran iyalai. Uba zai yi gumi sosai a nan, amma ban ga wani wasa da ya haɗa kan uba da uwa da 'ya'ya a kan aiki ɗaya kamar wannan ba. Haka kuma jiragen ruwan da yara ke tuƙawa da kansu a wani ɗan tafki, da hasumiyar da mutum ke jan igiya ya ɗaga kujerarsa sama, duk tunani ɗaya ne ya haife su: kada a ɗaure yaro a kujera a yi ta juya shi, a bar shi ya motsa abu da hannunsa ya ga sakamakon ƙoƙarinsa.

An raba wurin gida shida, wato Factory da Lego City da Imagination da Kingdoms da Adventure da Miniland, akwai wasanni da nune-nune sama da 40, kuma an yi amfani da bulon Lego fiye da miliyan 60 wajen ƙera siffofin da ke cikinsa. Miniland ne a tsakiya, kuma shi ne ya fi cancanta a daɗe a cikinsa. Wani katafaren zaure ne mai rufi da na'urar sanyaya iska, inda aka gina fitattun gine-ginen yankin da bulon Lego. Akwai kwaikwayon dogon benen Burj Khalifa na Dubai da tsayinsa ya kai mita 17, akwai babban Masallacin Sheikh Zayed na Abu Dhabi da ƙubbobinsa da hasumiyoyinsa, akwai Taj Mahal na Indiya da tsohon birnin Petra na ƙasar Jodan, ga filin jirgin sama da tituna da ƙananan motoci suna kai da kawowa. An sanya maɓallai a daidai tsayin yara, idan suka danna sai wani abu ya motsa. Mun riga mun ziyarci masallacin na gaskiya kafin zuwa nan, saboda haka yaran suka gane shi tun daga nesa, suka tsaya suna neman ƙofar da muka shiga. Ina ba duk mai niyyar zuwa shawarar ya fara nuna wa 'ya'yansa garin kafin ya kawo su nan, domin jin daɗin Miniland yana ninkuwa idan yaro ya san asalin abin da yake kallo. Ban da haka, wannan zaure shi ne mafakar iyali idan rana ta take, kuma tun da a tsakiya yake, daga kowane sashe ana iya komowa a huta.

Maganar rana kuwa ita ce babbar magana, kuma a nan ne nake ganin iyalai da yawa daga ƙasashenmu za su iya yin asara. Mafi yawan wasannin a fili suke. Daga Yuni zuwa Satumba zafin Dubai yakan haura digiri 40, ga kuma laimar teku da ke hana gumi bushewa, abin da ya bambanta shi da zafin da mutumin Sakkwato ko Maiduguri ya saba da shi. Sai ga shi dogon hutun makarantun Najeriya ya faɗo daidai wannan lokaci. Wanda ya biya kuɗin tikiti a watan Agusta zai ƙare da wuni a Miniland da ɗakunan gini da gidan sinima, ya bar rabin abin da ya biya dominsa. Tsakanin Nuwamba da Maris ne lokacin zuwa, kuma hutun Disamba ya dace, ko da yake a lokacin ne jama'a suka fi yawa. Tun daga 2022 hutun ƙarshen mako a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya koma Asabar da Lahadi, don haka daga Litinin zuwa Alhamis ne layi ya fi sauƙi.

Sashen Adventure yana da wasan da na fi tunawa da shi bayan makarantar tuƙi, wato jirgin da ake shiga a leƙa ƙarƙashin ruwa ta taga. Kifayen da ake gani na gaskiya ne, har da kifin shak, suna yawo a tsakanin siffofin Lego da aka nutsar. Tafiyar a hankali take, babu girgiza, shi ya sa ƙaramin cikinsu ya zauna lafiya ya manna fuska a gilashi. A Kingdoms kuma akwai Dragon, jirgin da ke hawa da gangarowa a kan dogo da gudun da ya kai kilomita 60 a awa, kuma shi ne mafi ƙarfi a wurin. Akwai ƙaninsa mai sauƙi na masu fara gwadawa. A nan ya kamata iyaye su san cewa tsayi ake aunawa, ba shekaru ba, kuma yaron da bai wuce mita ɗaya ba akwai wasannin da ba zai hau ba ko da uba na tare da shi. Doka ce ta kare rai, ba ta da abin zargi, amma ya fi kyau a auna yara tun daga gida a faɗa wa kowa abin da zai hau da wanda ba zai hau ba, don kada ƙarami ya ga yayarsa ta wuce shi kuma an tsayar da shi, ranar ta lalace da kuka. 'Yan ƙasa da shekara 3 suna da Duplo Valley, fili mai inuwa da ƙaramin jirgin ƙasa, kuma ba a karɓar musu kuɗin shiga, sai dai gaskiyar magana ita ce ɗan shekara 2 rakiya ya yi, ba don shi za a yi wannan tafiya ba.

Ta fuskar ibada da abinci, iyali Musulmi ba su da damuwa. Akwai ɗakunan salla na maza da na mata, kuma ba sai mutum ya yi ta binciken halaccin naman da aka sa masa ba, wanda duk wanda ya taɓa kai yara irin waɗannan wurare a Turai ya san girman wannan sauƙi. Abincin dai irin na wuraren wasa ne, soyayyar kaza da dankali da fiza, kuma kamar yadda aka saba a irin waɗannan wurare, farashinsa ya fi na cikin gari. A ci abinci mai nauyi kafin a fito, a kuma tanadi kuɗin ruwan sha, domin yara za su sha da yawa. Keken tura yaro wajibi ne ko ga ɗan shekara 4 da ya daina hawansa a gida, saboda bayan azahar ƙafafunsa za su gaza. Ana bayar da haya a wurin ga wanda bai zo da nasa ba.

Abubuwa biyu ne za su iya ƙara nauyin kuɗi ba tare da mutum ya shirya ba. Na farko shi ne nisa. Wurin yana can gefen Dubai a kan titin Sheikh Zayed, ta wajen iyaka da Abu Dhabi, kuma wanda ya sauka a Deira, inda mutanenmu suka fi sauka saboda kasuwa, sai ya ware kusan awa guda a mota, da kuɗin tasi na zuwa da dawowa. Na biyu shi ne babban kantin Lego da ke daidai ƙofar shiga da fita, wanda ba yadda za a yi yaro ya wuce bai gani ba. Mu mun yi yarjejeniya da yaran tun da safe cewa kowa abu ɗaya zai ɗauka, kuma sai lokacin tafiya gida, hakan ya sa ba mu wuni muna ɗauke da kwali ba, su ma suka sami abin sa rai.

Wurin wasan ruwa na Legoland yana maƙwabtaka da wannan, amma tikitinsa daban ne, sai dai in an sayi na haɗaka. Ba na ba mai ƙananan yara shawarar haɗa su biyun a rana ɗaya. Za a yi ta sauri, a canja kaya a gurguje, yaran su gaji kafin la'asar, alhali daɗin wurin yana cikin barin yaro ya koma wasa ɗaya sau da yawa har ya ƙoshi. Wanda ke da hali ya raba su kwana biyu, kuma otal ɗin Legoland da aka buɗe a 2022 yana bakin ƙofa ga mai son kauce wa doguwar tafiya.

Iyalin da 'ya'yansu ke tsakanin shekara 4 da 10 su ne za su fi cin moriyar kuɗinsu a nan, kuma a gare su ina yaba wurin ba tare da shakka ba, muddin an zo a lokacin sanyi. Ɗan shekara 13 zai gama da Dragon cikin ɗan lokaci ya fara tambayar abin da ya rage. Irin wannan ya fi dacewa da Motiongate, wani wurin wasa da ke cikin rukunin kuma da ƙafa ake isa gare shi, saboda haka iyali mai manya da ƙanana suna iya rabuwa gida biyu da safe, uba ya tafi da manyan, uwa ta zauna da ƙananan, a haɗu da yamma a Riverland, filin gidajen abinci da shaguna da ke tsakanin wuraren, a ci abincin dare.