Madubin tantani mai faranti 37: ja kawai ya iya

Na ɗora wannan madubi, irin mai sauya siffar fuskarsa in an ba shi wutar lantarki, a kan tsarin ɗaukar hoto da leza, don ya miƙe hasken da gilasai suka karkatar. Tantani ne na silikon naitiraid, kaurinsa bai kai maikuron ɗaya ba (wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita), faɗinsa milimita 15, an shafe fuskarsa da alminiyom. A bayansa akwai ƙananan faranti 37 jere kamar saƙar zuma. Duk farantin da ka ba wuta sai ya jawo tantanin wajensa.

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani ke nan: madubin nan ja ya iya, ba ya turawa. Dole ka fara ba dukkan farantan wuta daidai wa daida har tantanin ya lotsa zuwa tsaka-tsaki, sannan ka samu damar kai shi gaba ko baya. Lotsawar kuma tana bin murabba'in boltej ne, wato in ka ninka wuta sau biyu, motsin ya kusan ninka huɗu. Manhajar sarrafa madubi da ba ta san da wannan ba wahala kawai za ta sha. Ga shi bakin tantanin a ɗaure yake da firam, ba ya motsi, don haka kusan milimita 10 na tsakiya kaɗai na mora.

To amma a kan manyan karkata masu laushi, irin rashin saiti da astigmatizim (ɗigon haske ya miƙe ta gefe ɗaya) da wanda ake kira "coma" (ɗigon ya yi jela kamar tauraro mai wutsiya), ya burge ni ƙwarai. Da na haɗa shi da na'urar Shack-Hartmann, mai auna karkatar haske, ɗigon haske da ya baje ya dunƙule nan take. Kuma in ka mayar da wuta inda take, siffar ma ta koma inda take, saɓanin madubai masu fizo (wani abu mai miƙewa ko tsukewa in an ba shi wuta) da sai sun ɗan riƙe tsohuwar siffa. Wannan kaɗai ya rage mini aikin awo sosai.

Ƙananan karkata masu kaifi kuwa sun fi ƙarfinsa, domin jan faranti ɗaya yakan shafi kusan dukkan fuskar. Ba a goge shi, ba a hura masa iska, kuma wuta in ta wuce ƙima tantanin na iya mannewa da farantan ya lalace.

Ga ɗakin gwaji mai aikin maikuroskof ko hoton cikin ido, ina ba da shawararsa. Mai babban teleskof ya nemi wani.