Sharhi kan tiyatar raba gaɓar muƙamuƙi da ta haɗe bayan rauni

An yi mini tiyatar raba gaɓar muƙamuƙi bayan da ƙashi ya cike ta sakamakon faɗuwar da na yi a kan haɓa, kuma ina ganin wanda ke shirin shiga wannan aiki ya cancanci a gaya masa yadda abin yake. Bugun da ya sami haɓa yakan karya kan ƙashin muƙamuƙin ƙasa, daidai gaban kunne, jini ya taru a cikin gaɓar, sannu a hankali ya rikiɗa ya zama ƙashi har muƙamuƙi ya manne da ƙoƙon kai. Baligi mai lafiya yana buɗe baki kimanin milimita 35 zuwa 50, amma ni ko yatsa ɗaya ba ya shiga tsakanin haƙorana, ga wahalar goge haƙora, ga magana da ta koma ciki-ciki.

Hoton CT, wato hoton na'urar asibiti mai nuna cikin jiki dalla-dalla, shi ne ya nuna girman ƙashin da ya toshe gaɓar. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sa barci, domin bakin da ba ya buɗuwa ba a iya zura bututun numfashi ta cikinsa, sai ta hanci aka bi da shi da siririyar kyamara ina farke, bayan an fesa maganin kashe zafi. Likitar sa barci ta bayyana mini kowane mataki tun kafin ranar, wannan kuwa ya rage mini fargaba ƙwarai.

An tsaga fata a gaban kunne, aka sare dunƙulen ƙashin, aka janyo wani yanki na tsokar gefen kai aka shimfiɗa a gurbin don kada ƙasusuwan biyu su sake haɗuwa. An gaya mini cewa yara akan dasa musu guntun haƙarƙari, wasu manya kuma a sa musu gaɓar ƙarfe. Tabon ya ɓuya a lanƙwasar kunne, sai dai girata ta wannan ɓangaren ta daina ɗagawa na ɗan lokaci saboda jijiyar fuska da ke ratsa wurin, daga baya ta dawo daidai.

Inda nake da ƙorafi shi ne atisayen buɗe baki, wanda ba a nuna mini nauyinsa yadda ya kamata ba kafin tiyata. Tun ciwon yana ɗanye ake jera 'yan sandunan katako na danne harshe a tsakanin turamen haƙora, ana ƙara ɗaya a kan ɗaya har hawaye su zubo, kuma haka za a yi ta yi kullum na tsawon watanni, domin da an yi sakaci ƙashin zai sake haɗewa. A ganina kamata ya yi a haɗa majiyyaci da ma'aikacin gashin ƙashi tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Yanzu yatsu uku suna shiga bakina, ina tauna abinci, likitan haƙora ma ya samu damar gyara haƙoran da suka lalace. Ina ba da shawarar wannan tiyata ba tare da shakka ba, amma mutum ya tambayi likitansa tsarin atisaye da maganin rage zafin da za a ba shi kafin ya sa hannu a takardar amincewa.