Python Tutor: shafin da ke nuna wa ɗalibi cikin jeri

Ina koyar da Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ga masu farawa, kuma wurin da aji yake cijewa kullum shi ne jeri cikin jeri, wato tebur mai layuka da ginshiƙai. Don wannan darasin kaɗai nake tura ɗalibaina pythontutor.com. Philip Guo ne ya ƙirƙire shi a 2010, yanzu malami ne a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. Kyauta ne, ba rajista. Ka zuba abin da ka rubuta, shi kuma ya riƙa tafiya layi bayan layi yana zana abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Ga inda ya biya ni. A ce makin ɗalibai 3 a darussa 4 za a ajiye. Yaro zai rubuta maki = [[0]*4]*3, sannan ya ce maki[0][1] = 70, wato ɗalibi na farko ya ci 70 a darasi na biyu. Da ya buga sakamako sai ya tarar duka ukun sun ci 70, ya rantse kwamfutar ce ta lalace. Ko na yi ta bayani da baki har maƙogwaro ya bushe, ba ya shiga. A Python Tutor kuwa zai ga an zana kibiya uku, ɗaya ga kowane ɗalibi, duk sun nufi layin maki guda. Layin ɗaya ne tal, sau uku aka nuna shi, kamar ɗaki ɗaya mai ƙofa uku. Yaro ya sauya zuwa [[0]*4 for _ in range(3)], kibiyoyin su rabu, kowacce da nata layin. Daga nan ba na ƙara cewa komai.

Shafin yana kuma karɓar wasu yarukan: Java, C, C++ da JavaScript. Na fi son ɗalibi ya gwada tebur ɗaya a C da Java: a C, int a[2][3] gurabe 6 ne manne da juna, a Java kowane layi zaman kansa yake, har wani na iya fin wani tsawo.

Amma yana da nasa. Da ya kai taki 1,000, wato aiwatar da layi sau 1,000, yake tsayawa, kuma for (umarnin maimaita aiki) cikin for na cinye taki da sauri. Tebur mai 30 sau 30 ba zai kai ƙarshe ba. Ni wannan bai dame ni ba, mai koyo ba ya buƙatar fiye da 3 sau 4. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne sai da intanet, domin a can na'urar masu shafin ake gudanar da aikin, kuma a waya zanen yana matsewa har kibiyoyi su cakuɗe. Jeri mai hawa uku ma, ko a babban allo, sai ka sa ido sosai.

Wanda ya riga ya ƙware ba abin da zai ƙaru da shi a nan. Wanda kuwa har yanzu yake musanya maki[i][j] da maki[j][i], ya nemi kwamfuta ko da aro ce, ya zauna da shafin awa guda.